Yadda za ka tayar da tsohon keken tsere na Italiya a nan Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar keke. Maganar yau a kan tsoffin kekunan tsere ce na Italiya, na ƙarfe ɗin nan sirara masu kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, waɗanda aka ƙera tun daga shekarun 1960 har zuwa ƙarshen shekarun 1980, irinsu Bianchi da Colnago da Cinelli da De Rosa da Pinarello da Masi da Gios da Olmo. Ba kullum ake dacewa da su a nan ba, gaskiya, amma sukan faɗo, wani lokaci a Haraj Sawarikh can kudancin gari a jingine cikin tarkacen firiza da kujeru, wani lokaci a manhajar Haraj wani ya saka hoto ya rubuta sikil ƙadim, wato tsohon keke, kawai shi kansa bai san abin da yake riƙe da shi ba, wasu kuma firam ɗin suke sayowa ta eBay a yi musu shahan, wato a aiko musu da shi, har gida. Ko ta ina ya zo maka aikin ɗaya ne, kuma mafi yawansa awo ne, fenti shi ne na can ƙarshe in ma za a yi.

Don haka kafin ka sayi ko sifana ɗaya ka sayi abin awo mai baki biyu ɗin nan da ke nuna milimita, irin wanda masu makhraɗa, wato masu injin gyare ƙarfe, ke riƙewa a Sina'iyya, unguwar masu gareji, ka riƙa tafiya da shi a aljihu duk lokacin da za ka duba keke. Sitika ba hujja ba ce. Kowa zai iya liƙa Colnago a jikin firam ɗin Taiwan, kai ko Bianchi ɗin kansa, kamfanin da Edoardo Bianchi ya kafa a Milan tun 1885, akwai kekunansa na shekarun 1980 da a Japan aka haɗa su, ba wai marasa kyau ba ne amma awonsu daban yake da na gida. Ka kifa keken ka auna faɗin bututun gindi, wato inda sandar feda ke ratsawa. In ka ga milimita 70 to awon Italiya ne, in 68 ne to na Ingila ne wanda Japan da Taiwan da Sin duk suke bi. Sannan ka duba kunnuwan firam inda wilin baya ke shiga, masu kyau za ka ga an buga Campagnolo ko Gipiemme a jikin ƙarfen. Sai tambarin maƙerin, wanda a jikin ƙarfe ake yanke shi ko a sassaƙa shi a haɗin bututu da kafaɗar fok, wato ƙarfen mai ƙafa biyu da ke riƙe wilin gaba, Colnago furen kati ne mai kunne uku, De Rosa zuciya ce. Mai yin jabu yana iya buga sitika dubu amma da wuya ya zauna sassaƙa ƙarfe.

Sai kuma maganar bututun kansa. Yawancin masu daraja da bututun Columbus aka yi su, mai tambarin kurciya, kuma shi ma hawa-hawa ne, SL da SLX suna sama, Aelle yana ƙasa. In sitikar ta goge ka auna sandar sirdi, SL milimita 27.2 yake ɗauka, in ka ga 26.8 ko ƙasa da haka to bututun ya fi kauri kenan, ya fi nauyi kuma bai kai wancan kuɗi ba, kada mai sayarwa ya cika maka baki. Ka cire wilin gaba ka haska fitilar waya ta ƙarƙashin fok, bututun Columbus na wajen yana da wasu layuka a murɗe daga ciki, za ka gan su ko ka ji su da yatsa.

To a nan ne ake cutuwa, wajen keken da ya taɓa yin karo. Ka shafa yatsanka a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa daidai bayan wuya, in ka ji tudu ko ka ga fentin ya yi tsagu a zagaye a wajen to an taɓa dukan wani abu da shi ta gaba, ka matsa gefe ka kalli fok ɗin, in ya koma baya ya matso kusa da firam shikenan magana ta ƙare, ka bar masa kayansa sai dai in don kayan jikinsa kake so. Tsatsar sama-sama ba komai ba ce. Wadda ake gudu ita ce wadda ta kumbura fenti ta yi ƙuraje, musamman a ƙarƙashin gindi da bututun da ke bin sarƙa, domin bututun SL a tsakiyarsa kaurinsa milimita 0.6 ne kacal, tsatsa ba ta da wani dogon aiki kafin ta huda shi. Kuma tun a wajen ciniki ka ce a kwance maka sandar sirdi da wuyan kai ka ga suna motsi. In mai kayan ya ce mafi mushkila ai ɗan mai kawai yake so, ka rage kuɗi sosai, za ka ga dalili nan gaba.

Ka kawo shi gida, kada ka taɓa komai sai ka ɗauki hoto ta ko'ina, yadda wayoyi suka bi, yadda washa-washa suke jere, sannan ka tanadi 'yan ledoji kowane ɓangare da ledarsa ka rubuta suna. Cire wili da sarƙa da birki da macanjin giya ba wuya. Feda ka tuna ta hagu tiredinta a juye yake, ta dama ake kwance ta. Kusar da ta riƙe hannun feda na Campagnolo lamba 15 ce ba 14 ba, kuma ramin a matse yake sai soket mai siririn baki, in ba ka samu ba ka kai naka makhraɗa a ɗan rage masa jiki. Hannun fedar kuma akwai abin zare shi na musamman, mai arha ne, ka saya, dan Allah kada ka sa guduma.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. A keken da muka saba da shi kofin boris na bututun gindi, na ɓangaren sarƙa, tiredinsa a juye yake, shi ya sa duk mai gyaran sikil a unguwa hannunsa ya saba da murɗa shi ta dama in zai kwance. Na Italiya ba haka yake ba, faɗinsa milimita 36 ne kuma duka ɓangarorin biyu tiredin dama ne, wato ta hagu ake kwance su kamar kowace kusa. In ka miƙa wa wanda bai sani ba zai ta ɗaure shi ne yana zaton kwancewa yake, ya ga ya ƙi ya ɗauko bututun ruwa ya ƙara wa sifana tsawo, daga nan sai salati. In dole sai ka kai warsha to ka tsaya a kansa ka ce ya mu'allim wannan ta hagu ake kwance shi, ko zai ji haushi ya ji. Kuma kada wani ya ce zai sa maka na Shimano irin na kasuwa mai 68, ƙarami ne, zurmawa zai yi cikin ramin ba tare da ya kama tiredi ba. Akwai sababbi masu awon Italiya har yau ana yi, za ka ga an rubuta 36 x 24 a jiki, shi za ka nema.

Sandar sirdi da ta maƙale kuwa ita ce ke sa mutane su jefar da aiki. Ita alminiyam ce firam kuma ƙarfe, in suka shekara da shekaru a haɗe ba giris, ga raɓar gishiri irin ta Jidda, sai wani farin gari ya fito tsakaninsu ya cika wajen ya kulle. Ka kifa keken ka zuba man kwance tsatsa ta cikin bututun gindi ya gangara ya same ta ta ciki, ka bar shi ya kwana, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, sannan ka cire sirdin ka matse kan sandar a bayis ka kama firam ɗin gaba ɗaya ka riƙa juyawa a hankali, dama hagu dama hagu, in ka ji ta yi ƙara ƙas to an fara samun nasara. Kada ka hura mata wuta, alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, ƙara matsewa za ta yi kuma ka ƙona fenti a banza, gara ma sanyi, ƙanƙara a kan sandar. In duk ta ƙi sai a yanke ta a bar kamar yatsa biyu a waje, a zura ruwan zarto a tsaga ta daga ciki a tsaye, a hankali ƙwarai kada a ci firam. Wasu suna narkar da ita da sodar yin sabulu tunda tana cin alminiyam ba ta cin ƙarfe, yana yi, amma abin yana tafasa yana fitar da iska mai kama wuta kuma yana ƙona fata da ido, ni ban ba ka shawarar yinsa a ɗakin haya da yara suna yawo ba.

Wanki kuma kananzir da tsohon buroshin haƙori sun isa ga duk wani daskararren giris. Ƙananan kusoshi da suka yi tsatsa ka je wajen aɗɗar, mai sayar da kayan yaji da ƙamshi, ka sayi milhul laimun, gishirin tsamin nan da mata ke sawa a girki, ka jiƙa a ruwan ɗumi ka zuba su su yi 'yan awanni, ka wanke da ruwa sosai ka busar nan take ka shafa mai, in ka bar su a jiƙe kafin la'asar sun sake yin ja. Na ƙarfe kawai fa, ban da alminiyam. Inda aka yi kurom, kamar ƙafafun fok da ƙarshen firam, ka yagi ƙasdir na kicin, takardar alminiyam ɗin nan ta naɗe abinci, ka dunƙule ka tsoma a ruwa ka goga, za ka sha mamaki, kada ka kusance shi da samfefa.

Fenti, to ni ra'ayina a fili yake, in asalin fentin ya kai kashi mai yawa a jiki ka bar shi. Launin Bianchi ɗin nan tsakanin shuɗi da kore da suke kira celeste, ko shuɗin Gios, ko jan tagullar Wilier mai ɗaukar ido, ba mai fentin mota da zai haɗa maka shi daidai, kuma keken da ke da fentinsa na asali da 'yan tabonsa ya fi wanda aka yi wa sabo fil daraja a wajen waɗanda suka san abin. Ka wanke, ka goge da man goge mota mai laushi, inda ya ƙwarzane ka cire tsatsar ka ɗiga fenti ko man farce mara launi, ka bi da kakin mota. Ka yi a hankali wajen sitika, fentin Italiya na wancan zamani kyau gare shi amma ba shi da ƙwari, sitikun ma da yawa a sama suke ba abin da ya rufe su. In kuwa tsatsa ta ci ko'ina dole sai sabo, to ka hana su feshin yashi mai ƙarfi irin na ƙofar gida, a cire da maganin cire fenti, a toshe duk wani tiredi, kuma fentin garin nan da ake gasawa yana da kauri yakan cike sassaƙar da ka sayi keken dominta. Abin da bai kamata ka tsallake ba shi ne cikin bututu, ka fesa man hana tsatsa ta kowace kafa ka jujjuya firam ɗin ya zagaya ka bar shi ya tsane, a garin da ke bakin teku wannan ya fi fentin waje amfani.

Tun firam yana tsirara ka gwada miƙewarsa, ka ɗaura zare a kunnen baya na dama ka zagayo da shi ta gaban wuya ka dawo kunnen hagu, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe, su zo ɗaya ko kusa da haka. Ka auna tsakanin kunnuwan biyu kuma, 120 na giya 5 ne, 126 na 6 ko 7, wilin zamani mai 8 zuwa sama 130 yake so. Daga 126 zuwa 130 da hannu ma kana ɗan buɗawa ya shiga tunda ƙarfe ne, daga 120 kuwa sai an buɗa shi da gaske an sake daidaita kunnuwan, ni dai da ka bar shi a yadda maƙerinsa ya yi shi.

Kayan jiki kuma kowa Campagnolo yake so, kamfanin Tullio Campagnolo na garin Vicenza tun 1933, mutumin da ya ƙirƙiro makullin wili na hannu da aka saba gani a kekunan tsere. Nuovo Record da Super Record su ne na zamanin da muke magana. Daɗinsu suna faɗa maka shekarunsu, a saman macanjin giya na baya za ka ga an buga PATENT da lamba biyu, 73 ko 78 misali, a bayan hannun feda kuma lamba ɗaya ce, in tana cikin zanen daimon shekarun 1970 ne in cikin da'ira shekarun 1980, da haka za ka kintaci shekarar keken in ba a taɓa canja masa kaya ba. Ka duba hannun feda na dama da kyau a inda ya haɗu da yatsun da ke riƙe faranti, wajen yana da kaifi kuma nan yake fara tsagewa, in ƙaramar tsaga ce ana goge ta da siririn fayil, in ta yi nisa ka rataye shi a bango. Amma kada ka ce sai komai ya zama Campagnolo kafin ka hau, kuɗin shahan kaɗai zai ci ka, Gipiemme da Ofmega da Miche da Modolo da Universal duk 'yan Italiya ne kuma sun dace, kai ko Shimano 600 ka samu ka ɗaura ka fara hawa, daga baya ka riƙa canzawa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wanda ke da burin zuwa L'Eroica, taron tsoffin kekuna da ake yi a Gaiole in Chianti tun 1997, shi ne zai matsa wa kansa, don su sharaɗinsu keken 1987 ko kafin nan, 'yan sandunan giya a bututun ƙasa, feda mai kejin ƙafa da maɗauri, wayar birki a waje ta saman kai.

Ga wasu awo da ke ba mutane ciwon kai. Wuyan kai da ke shiga fok 22.2 ne, wannan ba matsala, amma inda wuyan ke riƙe kan keken yawanci 26.0 ne irin na 3ttt, tsohon Cinelli kuma 26.4, kada ka haɗa su, ko dai ya ƙi matsewa ko ka tilasta shi alminiyam ya tsage kana tafe. Bakin sandar feda mai kusurwa huɗu na Campagnolo ba daidai yake da na Shimano ba, a ido iri ɗaya ne amma zaman hannun ba zai yi daidai ba. Kan wayar giya ta Shimano ya ɗan fi girma, in ka cusa shi a sandar giyar Campagnolo zai maƙale, ka ɗan rage shi da fayil tukuna. Farantin gaba na Nuovo Record yawanci haƙori 52 da 42 ne kuma tsarin ramukansa na milimita 144 ba ya barin ka sauka sosai ƙasa da haka, a shimfiɗar Jidda wannan ba damuwa, amma in hawan duwatsun Ɗa'if ne a ranka to gwiwarka za ta gaya maka. Sarƙa kuwa ta giya 6 zuwa 8 da ake samu a kowane shagon sikil tana yi lafiya lau.

Taya ita ce inda zan saba wa masu cewa komai sai na asali. Kekunan tseren nan da yawa da tayar liƙi suke zuwa, wadda aka ɗinke tub a cikinta ake manna ta a rim da gam, irinta 'yan tseren zamanin ke hawa, har da Eddy Merckx da ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a birnin Meziko a 1972 a kan keken da Ernesto Colnago ya ƙera masa. Amma gam da zafi ba sa shiri, ka tuna yadda kwalta ke yi a watan Yuli, ga birki yana ƙara gasa rim, taya ta zame maka a kwana ba wasa ba ne, kuma in ta yi faci ba mai banshar, wato mai facin taya, da zai kalle ta. Ka ajiye rim ɗin asali, ka sa a ɗaure maka hob ɗin, wato cibiyar wilin, a rim na taya da tub mai ramuka daidai da nasa, galibi 36. Wajen sayen taya lambar 622 za ka nema a jiki, ita ce 700c, in an miƙo maka 27 inci wannan 630 ce ba za ta zauna ba. Faɗin 25 yana shiga kusan kowanne, 28 sai ka gwada. Bawul ɗin siriri ne, ka sayi famfonka ko ɗan adafta, kada ka bari a huda maka rim don a sa bawul ɗin mota.

Wajen haɗawa kada ka mayar da tsoffin ƙwayoyin boris, sababbi ba su da tsada, a gindin feda kwata inci ne 11 kowane gefe, a hob ɗin baya kwata inci 9 kowane gefe, na gaba da na wuya ka auna tsoffin ka sayi irinsu. Giris ka sa mai hana ruwa irin na jirgin ruwa, ka shafa a sandar sirdi da wuyan kai da duk wani tiredi, ban da kofin ɓangaren sarƙa, shi ka goge shi tas ka ɗiga masa gam ɗin kusa mai shuɗi ka ɗaure shi iya ƙarfinka, domin tiredin damar nan yana sa juyin feda ya riƙa kwance shi da kansa. Hob ka bar masa ɗan wasa kaɗan, in ka kulle makullin wili wasan zai ɓace. Robar birki ko ta yi kyau a ido ka canza, ta bushe ta zama dutse, wayoyi da rigunansu duka sababbi, robar hannun birki ma zafin nan ya riga ya narkar da ita. Giyar ba mai ƙas-ƙas ba ce, da ji ake sa ta, ka ja sanda har sarƙa ta hau ta yi shiru, aikinka kawai ka saita ƙananan kusoshi biyun da ke hana ta faɗawa cikin wili ko waje, na ɓangaren wili ka duba shi sau biyu. Tef ɗin hannu shi ne na ƙarshe, bayan ka hau ka tabbatar hannayen birki suna inda kake so.

Gwajin farko ka fita bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, wajen kurnish inda hanya take a miƙe, da sifanoni a aljihu, ka taka a hankali ka gwada birki tun ba ka yi gudu ba, ka saurari ko akwai ƙara. In ka dawo ka goge gumi da raɓa da tsumma, musamman bututun sama inda gumi ke ɗiga, kuma a cikin ɗaki zai kwana ba a saman bene ko ƙarƙashin matakala ba. Bayan fita biyu ko uku ka sake bin wayoyi don sun saki, ka duba wili ko ya fara rawa, sannan ka kama hannayen feda biyu ka girgiza su gefe da gefe, in ka ji motsi to kofin nan ne ya fara kwancewa, ka ɗaure shi kafin ka sake hawa. Sandar sirdi kuma duk bayan wata shida ka zare ta ka sake mata giris.